TAKWARORIN DA SUKA ZARE WA JUNA TAKOBI: TARIHIN SUNAN BILADIMIR

Yau na ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari na ɗauko na tarihi, saboda wata tambaya da wani dattijo ya yi a majalisarmu, wadda ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya.

A ƙarshen watan Fabrairun 2022 ne, bayan sallar isha'i muna zaune mun kewaye rediyo, ana ba da labarin yadda sojojin Rasha suka kutsa ƙasar Yukren. Mai karanta labarai ya ambaci shugaban Rasha, ya ambaci na Yukren, sai dattijon nan ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata tukuna, wai ni kunnena ne, ko kuwa mutanen nan biyu sunansu ɗaya?" Aka kwashe da dariya, wani yaro ya ce, "Baba ai duk sunayen Turawa haka suke." Ni dai ban yi dariya ba, domin abin da kunnensa ya jiyo shi nawa ya jiyo. Da na tsananta bincike sai na tarar ashe Baba ya fi mu gaskiya, takwarori ne. Na Rasha ana rubuta sunansa Vladimir, na Yukren kuma Volodymyr, suna ɗaya ne, karin harshe ne kawai ya bambanta su, kamar dai Usman da Usumanu. Tunda bakin Bahaushe ba ya son harafin farkon nan, a wannan rubutu zan riƙa kiran sa Biladimir, in na zo kan na Yukren in ce Bolodimir.

Mu marubuta mun san nauyin suna. Nakan yi kwana biyu ina juya sunan da zan raɗa wa tauraron littafi, don na san mai karatu zai fara yanke masa hukunci tun daga sunan kafin ya ga aikinsa. Hausawa kuma sun ce suna linzami ne. To in haka ne, ina wannan linzamin ya ja masu shi a cikin shekara dubu da ɗoriya? Abin da na bi diddigi ke nan.

MA'ANAR SUNAN

Sunan na al'ummomin da ake kira Slav ne, wato Rashawa da mutanen Yukren da Belarus da Polan da Sabiya da Bulgeriya da makamantansu, waɗanda harsunansu tsatso ɗaya ne. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko "vlad", ma'anarta mulki ko mallaka. Ta biyu a asali "mer" ce, ma'anarta girma ko ɗaukaka. Ke nan ma'anar farko ita ce mai girman mulki. Da tafiya ta yi tafiya sai bakin jama'a ya mayar da "mer" ta koma "mir", ita kuwa wannan kalma a Rashanci fuska biyu gare ta: tana nufin duniya, tana kuma nufin zaman lafiya. A da can harafi ɗaya ne yake raba su a rubuce, sai gyaran ƙa'idar rubutu na 1918 ya soke harafin, suka zama iri ɗaya sak. Don haka in ka tambayi Barashe ma'anar sunan, wani zai ce maka mai mulkin duniya, wani ya ce mai mulki da lumana. Mai karatu ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kamar yadda Abubakar kan koma Habu ko Garba a cikin gida, shi ma Biladimir a bakin uwarsa da abokansa Volodya ne ko Vova. A Polan suna cewa Włodzimierz, a Belarus kuma Uladzimir. Sannan Rashawa suna liƙa sunan uba a tsakiya, shi ya sa cikakken sunan shugabansu yake Biladimir Biladimirobic Putin, wato Biladimir ɗan Biladimir.

Ɗaya daga cikin sarakunan farko da tarihi ya riƙe da wannan suna a Bulgeriya ya yi mulki, daga 889 zuwa 893. Mahaifinsa Sarki Boris shi ya shigar da ƙasar addinin Kirista, ya yi murabus ya koma gidan zuhudu ya bar wa ɗan gadon sarauta. Ɗan kuwa sai ya shiga ƙoƙarin mayar da mutane bautar gumaka. Tsohon ya fito daga inda ya keɓe, ya tuɓe shi, ya sa aka makantar da shi. Wannan shi ne Biladimir ɗin da ya so rushe coci. Bayan kimanin shekara ɗari sai ga takwaransa wanda ya gina ta.

ƊAN BAIWA DA YA ZAMA KAKAN KOWA

A wancan zamani babu ƙasar da ake kira Rasha, babu wadda ake kira Yukren. Abin da ke akwai daula ce ta mutanen Rus, mai hedikwata a birnin Kiyef a bakin kogin Dinifa, wadda gidan sarautarta ya samo asali daga mayaƙan arewacin Turai, wajen su Suwidin, masu fatauci da farmaki ta kan koguna. A wannan gida aka haifi Biladimir wajen shekarar 958. Ubansa Sarki Sviatoslav ne, uwarsa kuwa Malusha, mai hidima ce a gidan kakarsa Olga. Wannan tabo na ɗan baiwa ya bi shi. Da ya aika neman auren gimbiya Rogneda ta garin Polotsk, sai ta mayar da amsa cewa ita ba ta auren ɗan baiwa, yayansa Yaropolk take so.

Duk wanda ya san 'yan ubanci ya san inda labarin zai dosa. Bayan rasuwar ubansu rigima ta ɓarke tsakanin 'ya'yan, Biladimir ya tsere zuwa ƙasar kakanninsa, ya dawo da sojan haya, ya ci Polotsk, ya kashe mahaifin Rogneda da 'yan'uwanta maza, ya aure ta ƙarfi da yaji. Daga nan ya wuce Kiyef, aka yaudari Yaropolk da sunan sulhu aka kashe shi. Zuwa 980 mulki ya tabbata a hannunsa. Ya kakkafa gumaka a kan tudu kusa da fadarsa, babbansu Perun, gunkin tsawa, na itace mai kan azurfa da gashin baki na zinare. Tsohon kundin tarihin Rus, wanda malaman coci suka harhaɗa a farkon ƙarni na 12, ya ce bayan matansa na aure yana da ƙwaraƙwarai 800 a garuruwa uku.

RANAR DA MUSULUNCI YA ƘWANƘWASA ƘOFAR KIYEF

A nan ne labarin ya fi jan hankalina. A gabas da ƙasar Rus, a bakin kogin Bolga, akwai wata al'umma da ake kira Bulgar waɗanda sarkinsu ya riga ya musulunta. A shekarar 922 ayarin Halifa Muƙtadir ya iso musu daga Bagadaza, cikinsa har da Ahmad Ibn Fadlan, wanda ya bar mana bayanin 'yan kasuwar Rus da ya gani da idonsa. To shi wancan kundi ya ce a 986 jakadun waɗannan Musulmi suka zo wa Biladimir da tayin Musulunci. Ya saurare su, wasu abubuwan sun burge shi, amma da aka zo kan kaciya da haramcin naman alade, musamman ma haramcin giya, sai ya ce mutanensa ba za su iya rayuwa ba tare da sha ba. Bayansu Kiristocin yamma masu bin Paparoma suka zo, Yahudawan daular Hazar suka zo, daga ƙarshe wani malami ya zo daga Daular Rum ta gabas.

A shekara mai zuwa shi ma ya tura nasa manzannin su je su ga yadda kowa yake ibada. Da suka isa Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, aka shigar da su majami'ar Aya Sofiya, suka dawo suna cewa kyawun abin da suka gani ya sa sun rasa gane ko a ƙasa suke ko a sama. Ita ce fa wannan Aya Sofiya da ta koma masallaci bayan Sarki Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka sake buɗe ta domin salla a 2020.

Sai dai mai karatu, a matsayina na mai tsara labari, ina gane hannun mai tsara labari in na gan shi. Waɗanda suka rubuta wannan ƙissa Kiristoci ne, sun rubuta ta fiye da shekara ɗari bayan faruwarta, kuma sun san inda suke so ta ƙare. Abin mamaki, a ɓangaren Musulmi ma akwai wata riwayar. Wani marubuci mai suna Marwazi, wanda ya rayu a ƙarni na 12, ya ce mutanen Rus sun taɓa tura manzanni zuwa ga sarkin Hawarizma suna neman a koya musu Musulunci, ya kuma ambaci sarkinsu da Buladmir, yana zaton laƙabin sarautarsu ke nan. Ka ga sunan ya shiga littattafan Larabci tun wancan lokaci.

Masana tarihi da yawa suna ganin siyasa ce ta yanke hukunci. Sarkin Rum, Basil na biyu, tawaye ya sha masa kai, yana neman mayaƙa ido rufe. Biladimir ya aika masa da dakaru kimanin 6,000 bisa sharaɗin a ba shi auren ƙanwar sarki, gimbiya Ana, su kuma suka ce sai ya karɓi addininsu. Wanda wata 'yar sarkin ƙaramin gari ta goranta wa asali, sai ga shi surukin gidan sarautar da ta fi kowace daraja a Turai. A 988 aka yi masa baftisma, kundin ya ce a garin Kerson na yankin Kirimiya, aka ba shi sabon suna Vasili. Da ya dawo Kiyef ya sa aka ɗaure gunki Perun a wutsiyar doki, mutum 12 suna bin sa da duka har aka jefa shi a kogi. Aka yi shela kowa ya fito bakin ruwa, wanda ya ƙi ya zama abokin gabar sarki.

An ce daga nan halinsa ya sauya. Ya gina babbar coci ya ware mata kashi ɗaya cikin goma na dukiyarsa, ya sa ana zagaya gari da amalanken abinci don marasa lafiya, har ya riƙa jin tsoron kashe 'yan fashi sai da limaman coci suka matsa masa. Amma 'yan ubancin da ya shuka bai bar gidansa ba. Ya rasu a 15 ga Yulin 1015 yana shirin yaƙar ɗansa Yaroslav da ya ƙi biyan haraji, kuma kafin ƙasar kabarinsa ta bushe aka kashe 'ya'yansa biyu, Boris da Gleb, a rigimar gado.

MAI NEMAN SULHU DA GARIN DA YA CI SUNANSA

Tattaɓa-kunnensa Biladimir Monomak, wanda ya rayu daga 1053 zuwa 1125, shi ne ya fi kusa da ma'anar lumana. Yana cikin waɗanda suka tara 'ya'yan sarauta a garin Liyubec a 1097, aka yi rantsuwa kowa ya tsaya kan gadon ubansa. Ba a daɗe da watsewa ba wasu daga cikinsu suka kama ɗan'uwansu suka cire masa idanu. A 1113 talakawan Kiyef suka yi bore kan masu ba da bashi da ruwa, manyan gari suka roƙe shi ya karɓi sarauta, ya zo ya taƙaita kuɗin ruwan. Ya kuma bar wa 'ya'yansa wasiyya a rubuce, yana horon su da kula da maraya da gwauruwa, da kada su bari mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi.

Shi ake danganta wa kafa birnin Biladimir a 1108, can arewa maso gabas, kusan kilomita 200 gabas da Mosko ta yau. Ɗansa Yuri kuma shi ne wanda aka fara ambaton Mosko a tarihi tare da sunansa, a 1147, wato shekara 132 bayan rasuwar Biladimir Babba. A 1169 jikansa Andire ya tura runduna ta washe Kiyef, ya yi zamansa a birnin Biladimir bai ko koma can ba. Sai Mongol suka zo suka ƙone birnin Biladimir a 1238, suka rushe Kiyef a 1240. Daga nan gida ya rabu biyu. Arewa ta zauna ƙarƙashin Tatar har Mosko ta yi ƙarfi, shugaban coci ma ya bar Kiyef ya koma birnin Biladimir a 1299, daga baya aka mayar da kujerar Mosko. Ita kuwa Kiyef ta faɗa hannun Lituweniya, sannan Polan, ba ta shiga ƙarƙashin Mosko ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 17. Tushen gardamar yau ke nan. Mosko tana cewa sarauta da addini wurina suka yi hijira, Kiyef tana cewa gidan da kabarin a ƙasata suke.

WANDA YA ZO RUSHE ABIN DA TAKWARANSA YA GINA

A 22 ga Afrilun 1870 aka haifi wani yaro a garin Simbirsk a bakin Bolga, aka sa masa Biladimir Ilic Ulyanov. Yana ɗan shekara 17 aka rataye yayansa saboda shirya kashe sarki. Duniya ta san shi da Lenin, jagoran juyin juya halin 1917 kuma uban Tarayyar Sobiyet da aka kafa a 1922. Gwamnatinsa ta gurguzu ba ta yarda da addini ba, ta ƙwace dukiyar coci, ta kama limamai. A farkon 1918, lokacin da dakarun juyin suke kama Kiyef, wasu masu bindiga suka fito da shugaban cocin birnin suka harbe shi. Ko ka san sunansa? Biladimir.

Bayan mutuwar Lenin a Janairun 1924 sunan ya samu sabuwar kasuwa. Iyaye suka riƙa yanko gaɓoɓin sunansa suna ƙera sababbi irin su Vladlen da Vilen, 'ya mace kuma Ninel, wato Lenin in an karanta ta baya. Har ƙetaren teku abin ya kai. Wani lauya ɗan gurguzu a Benezuwela ya raba sunan wa 'ya'yansa uku: Ilic, Lenin da Biladimir. Shi Ilic ɗin shi ne Carlos, ɗan ta'addan da aka yi shekaru ana farauta har aka kama shi a Khartum ta Sudan a 1994.

WAƊANDA BA SU RIƘE MULKI BA

Kada mai karatu ya ɗauka duk masu sunan masu sarauta ne. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Biladimir Dal, wanda aka haifa a 1801 a garin Lugansk, mahaifinsa kuma ɗan asalin Denmak. Likita ne, yana cikin waɗanda suka zauna a gefen gadon mawaƙi Pushkin lokacin ajalinsa a 1837. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin soja da manomi da ɗan kasuwa yana rubuta kalmomin bakinsu, har ya fitar da ƙamus mai juzu'i huɗu tsakanin 1863 da 1866, mai kalmomi kimanin 200,000 da karin magana fiye da 30,000. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamus ɗin Bargery na Hausa na 1934 zai gane irin wannan wahala. Garin da aka haifi mai ƙamus ɗin Rashanci kuwa, yana cikin yankin Yukren da ya zama fagen fama tun 2014.

Akwai Mayakovsky, mawaƙin da ya ba juyin juya hali muryarsa, ya harbe kansa a 1930 yana ɗan shekara 36. Akwai Nabokov, wanda juyin ya kori danginsa a 1919, aka harbe mahaifinsa, shi ma Biladimir, a Balin a 1922 yana ƙoƙarin kare wani ɗan siyasa daga masu kisa. Ɗan ya koma rubutu da Ingilishi, ya yi suna da littafin Lolita na 1955, ya mutu a Suwizalan a 1977 bai sake taka ƙasarsu ba. Akwai Vysotsky, ɗan wasa kuma mawaƙi mai kaushin murya, wanda hukuma ba ta sake wa waƙoƙinsa mara ba, amma jama'a suka riƙa kwafar su a kaset daga hannu zuwa hannu har suka game ƙasa. Ya rasu a Yulin 1980 ana tsakiyar wasannin Olamfik a Mosko, kafofin gwamnati suka yi kusan gum, amma dubban mutane suka cika titi don yi masa rakiya.

Akwai Zworykin, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin talabijin. Akwai Komarov, ɗan sama jannatin da laimar kumbonsa ta ƙi buɗewa a 24 ga Afrilun 1967, ya zama mutum na farko da ya mutu a tafiyar sararin samaniya. Masu son dambe kuma ba za su manta Klitschko ɗan Yukren ba, wanda Samuel Peter na Nijeriya ya kai ƙasa sau uku a 2005 amma ya tashi ya ci wasan da maki, ya sake doke shi a 2010, sannan Anthony Joshua ya kawo ƙarshen zamaninsa a Wembley a 2017. Da yaƙi ya zo a 2022, shi da yayansa Vitali, magajin garin Kiyef, suka tsaya kare birnin.

BIYUN DA BABA YA TAMBAYA

An haifi Putin a 7 ga Oktoban 1952 a Leningrad, birnin da a lokacin yake ɗauke da sunan Lenin. Ya yi aikin leƙen asiri a KGB, ya zama firaminista a 1999, ya karɓi riƙon shugabanci a ranar ƙarshe ta wannan shekara. Bolodimir Zelenski kuwa an haife shi a 25 ga Janairun 1978 a gidan Yahudawa masu magana da Rashanci. Ɗan wasan barkwanci ne. A 2015 ya fito a wani fim mai dogon zango a matsayin malamin tarihi da ya wayi gari shugaban ƙasa, sai ga shi a 2019 wasa ya zama gaske, ya ci zaɓe da kashi 73 cikin ɗari. Sunansa a fim ɗin kuwa Vasili, sunan da aka ba Biladimir Babba ranar baftisma. Da a littafina na rubuta haka, da masu karatu sun ce na cika ƙarya. Su biyun sun zauna teburi ɗaya a Paris a Disamban 2019, ba su kuma sake zama ba har yaƙi ya ɓarke a 24 ga Fabrairun 2022.

Kowane ɓangare yana riƙe da ƙafar kakan nan yana ja. Yukren ta ɗauki alamar mashi mai baki uku da ke kan kuɗin da Biladimir Babba ya buga ta mayar tambarin ƙasa, a 1918 da kuma 1992, ta sa hotonsa a kuɗinta, mutum-mutuminsa kuma yana tsaye a kan tudun Kiyef yana kallon kogi tun 1853. Shi kuma Putin da ya karɓe Kirimiya a Maris 2014, a jawabinsa ya kafa hujja da cewa a can aka yi wa Biladimir baftisma. A Disamban shekarar ya kwatanta tsarkin wurin ga Rashawa da matsayin harabar Ƙudus ga Musulmi da Yahudawa. A 4 ga Nuwamban 2016 ya buɗe wani katafaren mutum-mutumin Biladimir mai tsawon fiye da mita 17 a bakin fadar Kremlin, a birnin da mai sunan bai taɓa jin labarinsa ba. A Yulin 2021 ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce. Kwana uku kafin yaƙi kuma ya ce Yukren ta zamani ƙirƙirar Lenin ce, alhali mutanen Kiyef sun riga sun kayar da mutum-mutumin Lenin tun Disamban 2013. A Mosko dai sai ka ga abin al'ajabi: Biladimir ɗaya na tagulla a tsaye riƙe da gicciye, wani a kwance an busar da gawarsa a Jan Dandali, na uku kuma yana cikin fada tsakaninsu.

Wani zai ce mu ina ruwanmu. Ruwanmu kuwa, domin Rasha da Yukren suna cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma tana kan gaba a takin zamani, shi ya sa mai shayi da manomi suka ji a jikinsu. Ɗalibanmu da ke karatu a Yukren sai da aka kwaso su ta maƙwabtan ƙasashe a Maris 2022. Mun kuma ga tutar Rasha a titunan Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, muka gan ta a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. In har matashi zai ɗaga tutar mutum, ya kamata ya san tarihin rigimar da yake sa kansa a ciki.

AMSAR DA NA KAI WA BABA

Da na gama tattara waɗannan bayanai na koma majalisa na warware wa Baba zare da abawa. Na ce masa sunan nan an sa wa wanda ya so komawa gumaka, an sa wa wanda ya jefa gunki a kogi. An sa wa mai gina coci, da mai rufe ta, da limamin da aka kashe. An sa wa wanda ya tura tankoki, an sa wa wanda tankokin suka nufa. Don haka ni dai na yarda suna linzami ne, amma linzami ba ya juya doki sai da hannun mahayi. Tun 1918 harafin da ke raba duniya da zaman lafiya ya ɓace daga rubutunsu, ya rage wa kowane mai sunan ya zaɓi wadda zai nema a cikin biyun.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, mutumin da ake zubar da jini da sunan gadonsa bai san wata ƙasa Rasha ba, bai san Yukren ba, bai bar wasiyyar kan iyaka ba. Malaman da suka rubuta tarihinsa suna da tasu manufa, shugabannin da ke karanta shi yau suna da tasu. Mu ma da muke alfahari da kakanni muna jayayya kan waye ɗan asali waye baƙo, akwai abin lura a nan. Waiwaye adon tafiya ne, amma in mai mulki ya fara yawan ambaton kabarin shekara dubu, talaka ya dubi inda ake son tura ɗansa.

Baba ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ashe rigimar gado ce. To ai ita ba ta jin ceto, sai dai Allah ya sanyaya." Muka ce amin. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ba mu ikon cika kyawawan sunayen da iyayenmu suka raɗa mana. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yi mini afuwa. Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu.

Wassalam.